Idon yaro ya turo waje, an ce a ɗebi nama a gwada, uban ya ce ba za a sa wa ɗansa ƙarfe ba

Goggon Amir (Tudun Wada, Gombe): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema da addu'a. Amir ɗan yayana ne, shekararsa bakwai. Bayan an koma makaranta uwarsa ta ga fatar idonsa ta hagu ta ɗan tasa daga sama, aka ce afolo ne ko wani ƙwaro ya cije shi, aka sayo maganin ɗigawa a kemis. Ba a rufa wata guda ba idon ya turo waje, ya karkata ƙasa, har in yana barci fatar ba ta rufe shi duka. Ba zazzaɓi, ba ya kukan ciwo sosai, yana cin abincinsa. Mun kai shi asibiti an yi hoton CT. Likita ya ce akwai ƙari a cikin kwarmin idon, sai an shiga tiyata an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji kafin a san maganin da za a ba shi. Nan Hamma, wato yayan nawa uban yaron, ya tubure. Ya ce in dai daji ne ba a sa masa ƙarfe, ana taɓa shi zai watsu. Jibi yake so ya kai shi wajen wani mai magani a ƙauye. Uwar yaron sai kuka take, ni kuma ƙanwa ce, maganata ba ta da nauyi a wurinsa. Wanda ya san wannan ciwo ya gaya mana gaskiya.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa kaffara ne. Goggo ki daure, ki riƙa lallashin uwar.

Bappa na Kumo: 'Yata, kada ki ga laifin yayanki. Ba shi ya ƙago maganar nan ba, haka muka taso muka ji, wasunmu kuma mun gani da idonmu. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta daɗe da ƙullutu a nono tana harkokinta, har gona tana zuwa. Tun ranar da aka yanka aka ce za a gwada ba ta ƙara lafiya ba. Ciwon ya buɗe, kafin damina ta zagayo mun kai ta makwancinta. Ni ban ce kada a je asibiti ba. Amma ido kusa yake da ƙwaƙwalwa. In akwai allura ko ƙwaya a ba yaro mana, me ya kawo wuƙa?

Sista mai sashen ido: Kafin a shiga maganar tiyata, Goggo ki saurare ni, wannan na daren yau ne. Kin ce fatar ba ta rufe idon in yana barci. Baƙin ido ba ya jure bushewa. In ya kwana a buɗe ga iskar fanka ga ƙura, zai bushe, ya yi miki, ya fara fari, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanyar ba kasafai yake dawowa ba ko da an warkar da ƙarin. Na san an rubuta muku man ido na shafawa. A wanke hannu da sabulu, a matsa shi sosai a cikin idon kafin ya kwanta, da rana ma a riƙa sawa. Kada a danna auduga a kai ta riƙa gogar baƙin idon. Ba kwalli, ba ruwan albasa, ba nonon uwa, ba hayaƙi. Sakiya kuwa ko da wasa. In zazzaɓi ya taso, ko ya fara amai, ko ya ce ba ya gani da idon, kada a jira gari ya waye.

Abu Fadila: Ni dai ɗan maƙwabcinmu ya taɓa yin irin wannan kumburin, aka ba shi deksa, wadda mata ke ce wa sha-ka-fashe, cikin 'yan kwanaki ya sace. Ko za a gwada kafin a kai ga yanka?

Sista mai sashen ido: Don girman Allah kada a ba shi. Bari Likita ya shigo ya yi bayani, na kira shi.

Likita (Bauchi): Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki. Goggon Amir, ban ga yaron ba, ban ga hoton ba, don haka ba zan ce ga sunan ciwon ba. Amma zan iya gaya miki abin da ke ran likitan da ya duba shi, domin tunaninmu ɗaya ne.

Kwarmin ido rami ne na ƙashi. Ƙasusuwa bakwai ne suka haɗu suka yi shi, gabansa da faɗi, bayansa a tsuke, ta nan jijiyar gani ke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. A babban mutum duk abin da cikinsa ke ɗauka kusan mililita 30 ne. Ƙwayar idon ta cinye kusan 7, sauran kitse ne, da tsokoki shida masu juya ido, da jijiyoyi, da ƙullutun da ke yin hawaye. Sama ƙashi, ƙasa ƙashi, hagu da dama ƙashi. Duk abin da ya tsiro a ciki ba shi da wurin miƙewa sai ya tura idon gaba. Shi ya sa cututtuka da yawa waɗanda ba abin da ya haɗa maganinsu suke zuwa mana da fuska ɗaya: ido ya fito.

A yara, abin da ya fi kawo shi ba ma ƙari ba ne, ƙwayoyin cuta ne da ke tsallakowa daga kogon hanci bayan mura. Shi yana zuwa da zafin jiki da raɗaɗi da ja, maganinsa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya a gadon asibiti. Akwai 'yar jaka da ake haifar yaro da ita a wutsiyar gira, ba daji ba ce, ana cire ta a huta. Akwai tarin jijiyoyin jini da ke tasowa jarirai ja ko shuɗi a fatar ido, wanda tun 2008 likitoci a Faransa suka gano wani tsohon maganin hawan jini, furofiranolol, yana motsar da shi, yanzu sau da yawa ko wuƙa ba a ɗauka. Sai masu haɗarin. Wanda ke tasowa daga ƙwayoyin halittar tsoka, rabdomayosakoma, shi ne dajin da ya fi tsirowa a kwarmin idon yara, kuma 'yan shekara bakwai zuwa takwas ya fi kamawa. Akwai limfomar Burkitt, wato wani dajin kaluluwa. Akwai kansar jini da kan tara ƙullutu a wurin. Akwai wadda ke tasowa a ciki kusa da ƙoda ta aiko da reshe bayan ido. Akwai ta cikin ƙwayar idon kanta da ta fasa ta fito.

Hoto yana nuna mana inda abin yake, girmansa, ko ya ci ƙashi, ko ya leƙa hanci ko ƙwaƙwalwa. CT ya fi nuna ƙashi, MRI ya fi nuna nama da jijiya. Amma hoto ba ya rantsuwa kan sunan ciwo. Sai an sa naman a ƙarƙashin madubin likita. Allurar da Bappa ke nema tana nan, amma wacce daga ciki? Haɗin da ake yi wa Burkitt daban, na rabdo daban, na kansar jini daban, kuma ba magunguna ne da ake gwada su a jikin yaro a ga ko za su karɓe shi ba.

Abu Fadila, deksa tana sace kumburi da gaske, kuma nan matsalar take. In limfoma ce ko kansar jini, sai ta lafa na ɗan lokaci, iyaye su ce an samu sauƙi, mu kuma in mun ɗebi naman ƙwayoyin sun rikiɗe, mai gwajin ya kasa karanta su. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, an yi asarar makonni.

Bappa na Kumo: Likita na ji bayaninka, Allah ya ƙara ilimi. Amma ba ka amsa mini ba. Yankan yana watsa shi ko ba ya watsawa?

Likita (Bauchi): Bappa, Allah ya jiƙan ƙanwarku, ya sa ta huta. Zan ba ku amsa yadda take. Kun ce ta daɗe da ƙullutun. Daji yana tafiya a jini da hanyoyin kaluluwa tun mutum yana kan ƙafarsa, yana noma yana cin tuwo. Mafi yawan waɗanda ke zuwa mana sun zo ne da ya riga ya yi nisa, sai a ɗebi nama, sai abin da ke ɓoye ya bayyana, sai a ce wuƙa ce. Wani lokaci kuma bayan an ɗebi naman ba a dawowa karɓar magani, saboda kuɗi ko tsoro, sai a bar ciwo da miki a kansa. Gwaji ba magani ba ne, ƙofar magani ce.

Amma ba zan ce muku tsoron nan ba shi da tushe ko kaɗan ba. Mu ma akwai ƙarin da aka hana mu gutsura. Kansar cikin ƙwayar idon jarirai ba a soka mata allura don gwaji, domin huda idon yana buɗe mata hanya ta fito waje. Akwai kuma wani ƙari na ƙullutun hawaye a manya, mai girma a hankali ba ciwo, wanda sai dai a ciro shi ɗungurungum da fatarsa, in aka fasa shi yakan dawo. Amfanin fara yin hoto ke nan, da shi likita ke rarrabe wanda ake gutsura da wanda ba a gutsura. Likitan Amir ya ga hoto ya ce a ɗeba. Ni da ɗana ne, gobe zan sa hannu.

Bappa na Kumo: To ka ga da haka ake mana magana da ba a kai nan ba. Lokacin ƙanwata babu wanda ya zaunar da mu. Takarda aka miƙo aka ce sa hannu, na tambaya aka ce Baba kai dai ka je ka biya. Mutum ya ba da naman jikinsa bai san dalili ba, in abu ya lalace me kake so ya ce? Mai maganin ƙauye kuwa zai shimfiɗa maka tabarma ya saurare ka. Har yanzu raina bai kwanta da yanka kusa da ido ba, gaskiya ke nan. Amma a kai uban yaron gaban likita a nuna masa hoton da yatsa, a yi masa Hausa.

Maman Hanifa: Wallahi Bappa ya faɗi gaskiya a nan. Tsawar da ake yi wa mutane ita ke korarsu.

Sista mai sashen ido: Ba zan musa ba, ana yi. Layin ya yi yawa, ma'aikata kaɗan, amma ba uzuri ba ne. Goggo, ki gaya wa Hamma yana da haƙƙin ya tambaya: ta ina za a shiga, za a taɓa ƙwayar idon ko a'a, yaushe sakamako zai fito. Yawanci ta lanƙwasar fatar ido ko ta ƙarƙashin gira ake bi, yaron yana barci da allura, ƙwayar idon ba a yanka ta, abin da ake ɗiba kaɗan ne, tabon ma yakan ɓuya a cikin lanƙwasar.

Malam na Bolari: Goggo, ki isar wa yayanki da gaisuwata, ki ce ga saƙon ɗan uwansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma ya umarce mu da neman magani. Yaro amana ne, ba shi da bakin da zai zaɓar wa kansa. A yi masa tofi safe da yamma, a yi sadaka, uwar ta tashi da dare, duk wannan ba ya karo da asibiti. Abin da ba ya halatta shi ne a bar masu sanin abu a tafi wajen mai lalube. In akwai kawu ko limamin unguwa da yake jin nauyinsa, a sa shi ya raka shi.

Abban Walida (Azare): Ni na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma bari na faɗa ko zai amfani wani. 'Yata tana da shekara biyu muka fara ganin wani fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin idonta na dama, musamman da magariba in hasken tocila ya haska ta, kamar idon kyanwa da dare. A hoton waya ma ɗaya idon ya fito ja, wannan ya fito fari. Idon kuma ya fara harara-garke. Da aka duba ta aka tura mu Kano. Aka ce kansa ce a cikin idon, ta cika shi, gani ya riga ya tafi, abin da ya rage a cire idon kafin ta bi jijiya ta shiga kai. Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba. Surukina ya ce a bar wa Allah. Daren da zan sa hannu ban runtsa ba, ina kallonta tana barci ta rungume takalminta sabo.

Na sa hannu. Aka cire, aka bi da kemo, wato allurar maganin kansa, gashinta ya zube ya sake fitowa. Da wurin ya warke aka auna aka sa mata idon roba. Yau tana aji huɗu a firamare, ta sauke izu goma. In ba an gaya maka ba sai ka ƙura mata ido za ka gane. Lokaci lokaci muna komawa a duba, in ta girma a sake mata wani daidai fuskarta. A ɗakin da muka kwanta na ga yaran da iyayensu suka gudu da su da aka ambaci cirewa, suka dawo da ido ya zama ƙaton nama yana jini. Abin da na gani a wurin ba zan iya rubuta shi ba.

Umman Sadiya: Allahu akbar. Abban Walida ka sa ni hawaye. Amma ni fa har ga Allah ina jin ba zan iya ba. 'Ya mace, ido ɗaya, ga bakin mutane, ga maganar aure gaba.

Abban Walida (Azare): Hajiya, duk na yi wannan tunanin, har ya hana ni cin abinci. Amma sai tana raye ake maganar aurenta.

Goggon Amir (Tudun Wada, Gombe): Innalillahi. Likita, ke nan Amir ma cire masa za a yi? Wallahi in Hamma ya ji wannan shi ke nan.

Likita (Bauchi): A'a Goggo, kada ki haɗa su. Ta Walida retinobilastoma ce, a cikin ƙwayar ido take farawa, kusan duk kafin shekara biyar, tana samun yaro ɗaya a cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000. A ƙasashen da ake kama ta da wuri sama da kashi 95 cikin ɗari na yaran suna rayuwa, sau da yawa har idon ake tsirarwa. Mu nan abin da ke kashe yaranmu zuwa a makare ne. Abban Walida, kusan kashi 40 cikin ɗari na masu ita irin ta gado ce, don haka a kai ƙannenta a duba bayan idonsu tun suna jarirai, ita ma in Allah ya ba ta 'ya'ya a yi musu haka.

Na Amir kuwa, yadda kika faɗa, a wajen ƙwayar yake. In ya zama rabdo ne, kafin shekarun 1970 kwashe duk abin da ke cikin kwarmin ake yi, kuma duk da haka yawancin yaran ba sa tsira. Da aka koma haɗa kemo da gashi, wato gasa ƙarin da hasken na'ura, sai lamarin ya juya. Yanzu in bai fita daga kwarmin ba, a wuraren da magani ya wadata, sama da tara cikin goma suna warkewa, kuma galibi da idonsu. In Burkitt ne, shi ma allura ce maganinsa ba wuƙa ba. Jinkiri ne ke kai mutum ga cirewar da ake gudu.

Ɗalibin likitanci (Gombe): Ranka ya daɗe, a ƙara mana bayani kan Burkitt. An koya mana yana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro.

Likita (Bauchi): Haka ne. Wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, ya bayyana shi a 1958 yana aiki a Kampala ta Yuganda, bayan ya yi ta ganin yara da kumburin muƙamuƙi da na ido. Ya bi taswira ya ga ciwon yana bin yankunan zafi da ruwan sama, inda sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano ƙwayar bairos ta Epstein-Barr a cikin naman irin wannan ƙari. Zazzaɓin da ke ta maimaituwa yana raunana garkuwar yaro, bairos ɗin ya samu sarari. Yana cikin dajin da ya fi kowane saurin girma a jikin ɗan Adam, yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Za ka ga haƙoran yaro sun fara girgiɗi, kunci ya cika, ido ya fito, wani lokaci ciki ya kumbura. Saurin nan nasa kuma shi ke sa kemo ta narkar da shi da wuri, har iyaye su ga yaro ya koma daidai bayan zagaye ɗaya ko biyu su daina zuwa. Wannan daina zuwan ya fi komai ƙona mini rai, domin in ya dawo ba ya jin magani kamar farko.

Goggon Amir (Tudun Wada, Gombe): 'Yan uwa Alhamdulillahi. Na karanta wa Kawunmu duk abin da kuka rubuta, shi ya tasa Hamma a gaba har asibiti. Likitan ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna masa idon dama da na hagu, ya nuna masa farin dunƙulen da ke saman idon yana danna shi ƙasa, ya ce ga ƙashin nan lafiya lau bai ci ba tukuna. Kalmar tukuna ɗin nan ce ta kama shi. Ya sa hannu, an yi jiya da safe, yaron ya farka har ya sha kunu. An ce a jira sakamako. Yanzu kuma maganar kuɗi ce ta taso.

Bappa na Kumo: Allah ya sa a dace, ya kunyata tsorona. Ki turo lambar asusu ta wajen shugabar zaure, abin da ya sawwaƙa za mu sa.

Sista mai sashen ido: Masha Allah. Sakamakon nama yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya fi haka in sai an ƙara wani gwajin a kansa. Ku karɓi lambar da aka rubuta a jikin kwalbar ku adana, da ita ake bibiya. Kada ku zauna jiran a kira ku, ku riƙa leƙawa. Faifan hoton da duk wata takarda ku haɗa su a jaka ɗaya, ku ɗauke su a waya ma.

Abu Fadila: Ba akwai wani asusun gwamnati na masu kansa ba? Na ji ana cewa asibitin tarayya na Gombe yana ciki.

Likita (Bauchi): Akwai, gwamnatin tarayya ta fara shi a 2021 da asibitoci shida, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na cikinsu. Amma da kansar nono da ta bakin mahaifa da ta ƙullutun mafitsarar maza (furostet) aka fara, don haka kada ku ɗora lissafinku a kansa kafin ku tambaya. Ku je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ku faɗi halin da kuke ciki. In uban yana cikin inshorar lafiya, ta tarayya ko GoHealth ta jihar Gombe, a tambayi abin da take ɗauka. Ku sani tafiyar ta watanni ce, ba ta mako ba: kemo zagaye zagaye, gwajin jini kafin kowane zagaye, wani lokaci ƙarin jini. In an kai ga gashi, ana iya tura ku Shika a Zariya ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, likitanku zai faɗi inda ya dace a lokacin. Dangi su zauna tun yanzu a raba nauyi, kada a kashe komai a watan farko a tsaya a tsakiya. Wanda zai ba da jini ma a san shi.

Maman Hanifa: Likita tunda ana maganar, ni ma ƙawata idanunta biyu sun firfito kamar mai jin tsoro, ta rame, ga bugun zuciya ga gumi ko da sanyi. Ita ma ƙari ne?

Likita (Bauchi): Wannan ya fi kama da ciwon ƙullutun maƙogwaro, tayirod, wanda ke kawo maƙoƙo. A manya shi ne kan gaba wajen fito da ido, kuma ya fi kama mata. Gwajin jini ake fara yi, ta ga likitan cikin jiki da na ido, in tana shan taba ko shisha ta bari domin yana tsananta shi. Manya nasu daban ne da na yara. Akwai dunƙulen jijiyoyin jini mara haɗari da ke turo ido a hankali cikin shekaru. Akwai majina da ke toshewa a kogon goshi ta kumbura ta danna ido ƙasa da gefe, wannan da likitocin hanci muke yinsa. Limfoma a dattawa. Mace da ta taɓa yin kansar nono in idonta ya canza ta faɗa wa likita, domin takan aiko da reshe nan. Mai shakka a gida ya zaunar da mutum, ya tsaya a bayansa, ya leƙo ta saman goshi ya ga ko ido ɗaya ya riga ɗaya fitowa, ya kuma gwada da tsohon hoto. A asibiti muna da ma'auni, bambancin da ya wuce milimita 2 muna bin sa. Ganin abu bibbiyu, ko launi ya dusashe a ido ɗaya, shi ma dalilin zuwa ne.

Adda (Dukku): Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo a makare. Innarmu ce, wani farin nama ya fito mata a farin ido dab da baƙin, yana da kaushi, ga jijiyoyi ja sun kewaye shi. Tun bara yake, yanzu ya fara hawa baƙin. Ta ce tsokar ido ce irin ta masu noma, ba ya mata ciwo. Mu bari ko mu kawo ta?

Sista mai sashen ido: Adda ki kawo ta, kada ki bari. Tsokar ido ta rana da ƙura sumul take, wannan da kika ce fari ne mai kaushi da jijiyoyi a kewaye yana iya zama kansar fatar farin ido. Zafin rana na kawo ta, raunin garkuwar jiki ma haka, shi ya sa za a ce a yi mata gwajin ƙanjamau. Kowa ake yi wa, ki gaya mata tun a gida kada ranta ya ɓaci. In ƙarama ce aikin bai da yawa, allurar kashe zafi ake yi a wurin a cire, a kai naman gwaji, wani lokaci a bi da maganin ɗigawa na musamman. In aka bar ta ita ce ke kutsawa cikin kwarmin har a rasa idon da fatarsa. Daga Dukku Gombe ta fi muku kusa, sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya. Masu Bauchi suna da asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, in abin ya fi ƙarfin nan akan tura Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Ku fito da sassafe ranar aiki saboda yankar kati. Ki taho da duk magungunan da ta taɓa ɗigawa, har kwalaben da suka ƙare, da mutum ɗaya da zai riƙe ta a hanyar komawa, domin in an sa mata maganin buɗe ido za ta yi awoyi tana gani dishi-dishi.

Adda (Dukku): To Sista, na gode. Litinin in Allah ya kai mu za mu shigo motar farko. Tana shan maganin suga, ta sha da safen ko ta bari?

Sista mai sashen ido: Ta karya ta sha abinta yadda ta saba, ranar dubawa ce kawai. Ki taho da kwalin maganin a gani.